Zuwa Ga Likitocin Gashi Na Rano Da Kibiya: Kafin Ku Ɗora Lantarki A Kan Yaro



Kun san irin yaran da nake nufi. Uwa ta sauke ɗanta daga goyo a Babban Asibitin Rano, hannunsa ɗaya a dunƙule, babban yatsa a cikin tafi, in ya taka sai ya ɗosana yatsun ƙafa yana jan ɓari guda. Wani doguwar naƙuda ce ta jawo masa, wani sanƙarau, wani kuma sikila ce ta toshe jijiyar jinin ƙwaƙwalwarsa. Yanzu iyaye sun fara gani a waya cewa akwai na'urar da ake ɗorawa a ka ta farfaɗo da hannu ba tare da tiyata ba, kuma ku za su tambaya.

Na'urar gaskiya ce. Iri biyu aka fi sani: TMS mai aiki da maganaɗisu, da tDCS mai sakin lantarki kaɗan, miliamfiya 1 zuwa 2, ta soso biyu da aka jiƙa da ruwan gishiri, na kamar minti 20. A 2020 masu bincike a Jami'ar Calgary ta Kanada, ƙarƙashin Dokta Adam Kirton, sun ba da rahoton yara 384 da aka yi wa ba tare da ko ɗaya ya yi jijjiga ba. Abin da aka fi gani ƙaiƙayi ne, da ɗan ciwon kai, da jan fata.

To amma ku dubi yadda aka kai ga wannan sakamako. Sai an tantance kowane yaro, ƙwararrun ƙwaƙwalwa na kusa, kuma a gwajin masu shanyewar ɓari akwai hoton MRI da ke nuna inda raunin yake. Ƙoƙon kan yaro bai kai na babba kauri ba, don haka lantarkin ya fi ratsa shi. Shi ya sa a Minnesota ta Amurka suka fara da miliamfiya 0.7 kacal. Mu kuwa yawancin yaranmu ba a taɓa ɗaukar hoton kansu ba. Da yawa suna da farfaɗiya, iyaye na ɓoyewa don gudun tsangwama, ko su ce iska ce. Kada ku tsaya a "yana farfaɗiya?" Ku ce, "Mama, yakan ƙame ya ƙura ido? Yakan yi fizge-fizge cikin barci?" Ku duba fatar kai da kanku. Makero, ƙuraje, sabuwar tsaga, ko fatar da hunturu ya busar, duk suna iya sa lantarki ya taru wuri guda ya ƙona. Yarinya mai kitso kuma soson ba ya kwanciya daidai. Yaron da aka sa wa bututun janye ruwan kai ko wani ƙarfe, ba a ma fara maganar.

Ina roƙonku don Allah, kada wani ya ɗauki TENS ta ciwon baya ya liƙa a kan yaro. Ba aikinta ba ne.

Ko a inda aka bi duk ƙa'ida, rashin cutarwa daban, amfani daban. Babban gwajin da aka yi a Kanada kan yaran da suka samu shanyewar ɓari tun haihuwa ya nuna hannayensu sun inganta da horo mai yawa, tDCS ba ta ƙara wani abin a zo a gani ba. Horon nan kuwa yana hannunku. A sa wa hannu mai lafiya safa, a zuba wake a faranti yaro ya tsinta da mai raunin, ya buɗe murfin gora, ya kai loma baki, kullum, uwa ko yayarsa na lura. Manomin Kibiya da zai sayar da buhun masara ya biya zaman lantarki, ya cancanci ku faɗa masa wannan ƙarara.

Mai sikila kuwa, shanyewa na iya dawo masa. Ku tura shi Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, a tsara masa rigakafi, ƙannensa masu sikila kuma a auna gudun jinin kansu a ga ko suna bukatar hydroxyurea.

Wassalam.