Jita, Kwamfuta da Haƙƙin Fage

A wuraren biki da gidajen shaƙatawa na Barnawa, Narayi da Sabon Tasha, ƙungiyoyin kiɗa kan raba dare suna maimaita waƙoƙin wasu, na gida da na ƙetare. Kowace waƙa da matakin muryarta da irin amonta, don haka mai jita ba ya rabuwa da murɗa tsarkiya da taka maɓalli. Tsarin MIDI, wanda ya bayyana a 1983, ya buɗe wata ƙofa: kwamfuta ta riƙe jerin waƙoƙi, ta ɗaga sautin jita ko ta sauke shi a daƙiƙar da aka tsara.

Sauƙi ne, babu musu, amma ina ganin ba kyauta ya zo ba. Kiɗan fage a ƙasar Hausa zance ne tsakanin makaɗi da mahalarta. Idan baƙo mai daraja ya shigo, ko uwar amarya ta miƙe da liƙi, mawaƙi kan karya waƙa ya koma kirari, makaɗa su bi shi. Da wannan Mamman Shata ya yi fice. Mai kalangu kuwa da damtse yake matse tsarkiya, sauti ya hau ko ya sauka bisa karin harshe. Kwamfutar da ke ƙidayar daƙiƙa ba ta ganin wanda ya shigo.

Saboda haka a karɓi na'ura, amma ikon tsayar da ita ya zauna ƙarƙashin ƙafar makaɗi. Mu kuma manazarta, da muka daɗe a kan makaɗan fada, lokaci ya yi da za mu haye kogin Kaduna mu naɗi wannan sauyi tun yana ɗanye.