Ƙaramin jeri ba maganin cunkoson shafi ba ne

A bugun zamani na sonatar Kreutzer ta Beethoven, takardar da ke gaban mai piyano tana ɗauke da jeri uku na layukan nan biyar da ake rubuta kiɗa a kansu. Biyu na ƙasa nasa ne, hannun dama da na hagu. Na sama, wanda aka ƙanƙanta, na mai bayolin ne. Ƙanƙantarsa saƙo ce ga ido: wannan ba naka ba ne, bi shi kawai domin ka san inda abokinka yake. Mai bayolin yana da tasa takardar daban, cikin cikakken girma.

Yau manhajoji sun mayar da wannan aiki na daƙiƙa guda. A MuseScore da Sibelius akwati ɗaya za ka latsa, jerin ya ragu zuwa kusan kashi 70 ko 75 cikin ɗari. A LilyPond umarni ɗaya ne. Sauƙin ya haifi wata ɗabi'a da nake ganin ɓarna ce. Mai tsara kiɗa ya ga shafinsa ya cushe, sai ya ƙanƙanta jerin da mutum zai kaɗa da hannunsa, don komai ya shige takarda ɗaya.

Dabarar ma ba ta biyan buƙatar da aka yi ta dominta. Faɗin kowane gida na kiɗa ya dogara ne da yawan sautukan da ke cikinsa a dukkan jerukan tare, domin dole su tsaya a jere sama da ƙasa. Rage jeri ɗaya yana samar da 'yan milimitoci a tsaye, a kwance kuwa kusan babu komai.

Asarar tana kan makaɗi. Takardarsa tana nesa da shi fiye da tsawon hannu, sau da yawa cikin hasken dandamali mai rauni. Shi ya sa masu kula da takardun manyan ƙungiyoyin makaɗa suke ƙin jerin da bai kai milimita 7 ba. A cire kashi 30 daga wannan, a koma ƙasa da milimita 5, inda layi da gurbin da ke kusa da shi suke fara haɗewa a ido.

Masu yin hakan sukan ce suna gudun juya shafi a tsakiyar kiɗa. Matsalar gaskiya ce, amma maganinta sananne ne tun zamanin masu sassaƙa kiɗa a kan faranti: a karya shafi inda makaɗi yake da hutu, ko da hakan zai ci ƙarin takarda.