"Allah Ya Kiyaye Gaba" Ba Ya Biyan Kuɗin Tiyata

Jama'a, jiya na je dubiyar wani birkila ɗan Bungudu da ya faɗo daga bene yana aiki a nan Gusau, idon sawunsa ya karye. Mai aikin ya ba shi kuɗin mota, ya ce Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan.

Aka kai shi wajen mai ɗori a Tsafe ba tare da an ɗauki hoto ba, ƙashin ya kama a karkace. Bayan wata bakwai sai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, aka yi tiyata aka sa ƙarfe. Gonarsa ya sayar ya biya. Yanzu sanda yake dogarawa, iyali na jiran cefane.

Tun 2010 akwai dokar diyyar ma'aikata a Najeriya: mai kamfani ya riƙa zuba wa NSITF kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa. Don Allah, 'yan kwangila nawa ke biya a Zamfara?

Ƙaddara gaskiya ce, amma ba ta sauke haƙƙi. Ka sa mutum aiki ya ji rauni, jinyarsa na wuyanka. Mu kuma 'yan uwa, hoto tukuna kafin ɗori.

Allah ya ba shi lafiya.