Shin Fatar Ɗan Adam Allo Ce?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, zane a jiki ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. A kasuwannin Kurfi da Dutsin-Ma har yau za ka ga dattijai da tsagar gado, da tsofaffin mata masu jarfa wadda wanzami ya yi da aska da baƙin tukunya. Sai dai tsaga alamar asali ce, jarfa kuwa kwalliya. Magabatanmu ba su ɗauki ko ɗaya a matsayin ibada ba.

Yau matasanmu, har da ɗaliban Jami'ar Tarayya da aka kafa a Dutsin-Ma a 2011, suna ganin 'yan ƙwallon Turai da gicciye a damtse, da wasu masu rubutun Larabci a wuya. Sai tambaya ta taso: in aka zana sunan Allah a jiki, ashe ba girmamawa ba ce?

Ban musa gwanintar masu wannan sana'a ba. Kuma Kibɗawan Masar da ke zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu suna yi ne don shaidar addininsu. Amma kowane allazi da nasa amanu. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai yin jarfa da mai neman a yi mata. Sannan jikin nan da shi ake shiga makewayi, shi ke ɗaukar janaba. Wanda ba ya yarda allonsa ya taɓa ƙazanta, yaya zai ɗora aya a inda ba ta wankuwa?

A ganina fasaharmu ta san muhallinta tun da can. Dubi zayyanar allon sauka, da adon gafaka, da lallen amare wanda kan goge bayan 'yan makonni. Mai baiwar zane ya kai ta can.

Wanda kuwa aka yi wa tsaga yana jariri babu laifi a kansa, kada mu yi masa gori.

Allah Shi ne mafi sani. Allah Ya sa mu dace, amin.