Taron Tsintsiya Ba Shara: Martani Ga Masu Ƙirga Taurari

Duk lokacin da kasuwar musayar 'yan wasa ta buɗe a gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka, magana ɗaya ce ke dawowa a wuraren shan shayi da gidajen kallo: wai ƙungiya kaza ta haɗa taurari uku, don haka a miƙa mata kofi kawai a huta. Masu wannan magana suna ɗauko makin da kowane ɗan wasa ya saba ci, su tara kamar masu ƙirga buhunan gero, su ce ga sakamako. Ni kuwa ina cewa wannan lissafin ɓata ne, kuma ya sha jefa manyan ƙungiyoyi cikin asarar kuɗi da ta shekaru.

Mu fara da abin da ba ya canzawa. Mutum biyar ne a fili daga kowane ɓangare, ƙwallo kuwa ɗaya ce. Minti 48 ake yi, kuma duk ƙungiyar da ta riƙe ƙwallo daƙiƙa 24 take da su ta jefa. A wasa guda ƙungiya ba ta cika wuce jifa 90 ba. Tauraron da ya saba jifa 20 a tsohon gidansa, idan ya tarar da wasu biyu masu irin wannan sabo, dole wani ya rage. To wa zai rage? Wa zai tsaya a kusurwa yana jira ko ƙwallo ta zo ko kada ta zo? Wa zai bi ɗan wasan da ya fi kowa haɗari a ɗaya ɓangaren? Masu ƙirga taurari ba sa yin waɗannan tambayoyi, alhali su ne ginin ƙungiya.

A duba Brooklyn Nets. A 2019 ta ɗauko Kevin Durant da Kyrie Irving, a Janairun 2021 ta ƙaro James Harden. Kafin ta same shi sai da ta sallama Jarrett Allen, matashin da ke tsare mata bakin kwando, da Caris LeVert, da damarta ta zaɓen sababbin 'yan wasa na shekaru. Wasa nawa mutanen uku suka buga tare? 16 kacal. Milwaukee ta fitar da su a 2021, Harden ya tattara ya koma Philadelphia a Fabrairun 2022, Boston kuma ta share ragowar da ci 4 da nema a zagayen farko. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Na san amsar da za a ba ni, domin masu bugo waya a shirina na wasanni sun sha faɗa mini ita: ai rauni ne ya hana, ga kuma Irving da ya ƙi allurar korona aka hana shi wasa a birnin New York. Haka ne, kuma a waɗannan wasanni 16 sun ci 13. Amma rauni baƙo ne a wasan da ake buga karawa 82 kafin a shiga zagayen neman kofi? Gasar NBA tana da ƙa'idar iyakance albashi. Idan mutum uku suka kwashe kaso mafi tsoka, sauran gurabe sai a cike su da masu ƙaramin albashi. Ranar da ɗaya daga cikin ukun ya dafe ƙafa, babu mai maye gurbinsa. Wanda ya gina ɗaki a kan ginshiƙai uku, ya sayar da sauran itacen, bai kamata ya zargi iska ba.

Wanda bai gamsu ba ya dubi Phoenix Suns. A 2023 ta haɗa Durant da Devin Booker da Bradley Beal. Dukansu gwanayen zura ƙwallo ne, babu wanda aikinsa na asali shi ne raba ta, kuma babu isassun masu tsaro a bayansu. Minnesota ta yi musu 4 da nema a zagayen farko na 2024. A kakar da ta biyo baya sun ci wasa 36, sun sha kashi a 46, ko zagayen neman kofi ba su shiga ba. Haka Los Angeles Lakers ta yi a 2021, da ta kawo Russell Westbrook kusa da LeBron James: mutum biyu masu son ƙwallo a hannu, ɗayansu kuma jifansa daga nesa ba abin dogaro ba ne. Wasa 33 suka ci a kakar. Bahaushe ya riga ya faɗa, idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Wani zai ce, to Boston ta 2008 fa? Miami ta LeBron fa? Madalla, waɗannan hujjojina ne. Lokacin da Kevin Garnett da Ray Allen suka haɗu da Paul Pierce a Boston, kowannensu ya sauke kai. Allen ya sauko daga maki 26 a kowane wasa zuwa 17, Pierce daga 25 zuwa ƙasa da 20. Garnett ya rungumi tsaro har aka ba shi kyautar gwarzon mai tsaro na shekarar. Ayyukansu ma daban-daban ne: ɗaya mai jifa daga nesa ba tare da ya riƙe ƙwallo ba, ɗaya mai kutsawa, ɗaya mai gadin kwando. Ƙungiyar da ta ci wasa 24 a kakar baya ta ci 66, ta ɗauki kofi.

Miami kuwa, a shekarar farko ta LeBron da Dwyane Wade da Chris Bosh, Dallas ce ta doke su a wasan ƙarshe na 2011, domin manyan biyu suna yi ne kamar masu karɓa-karɓa. Sai da Wade ya yarda ya bar wa LeBron ragama, Bosh kuma, wanda ke cin maki 24 a Toronto, ya koma aikin tsaro da buɗe fili, sannan kofunan 2012 da 2013 suka zo. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Ko Golden State da Durant ya je a 2016, ya tarar da Stephen Curry da Klay Thompson ne, waɗanda ke razana abokan hamayya ko ƙwallo ba ta hannunsu, da Draymond Green da bai damu da maki ba.

Kada a ce na ce tauraro ba shi da amfani. Da wuya a ɗauki kofi babu gwarzon da za a miƙa wa ƙwallo idan wasa ya yi tsami. Abin da nake ja a kai shi ne a ɗauka na biyu da na uku ƙari ne kawai. Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya nuna yadda ake yi. A 2018, yana shugabantar Toronto Raptors ta Kanada, ya bayar da DeMar DeRozan, ɗan gaban goshin magoya baya, ya karɓo Kawhi Leonard. Bai bi sahun tauraro na biyu da na uku ba. Yana da Kyle Lowry mai raba ƙwallo, da Pascal Siakam ɗan Kamaru da aka zaɓa a matsayi na 27, da Serge Ibaka, da Fred VanVleet da babu ƙungiyar da ta zaɓe shi. Da ya ga giɓi a tsakiya sai ya kawo Marc Gasol a Fabrairun 2019. Kowa da aikinsa, kowa kuma yana tsaro. A watan Yunin wannan shekara suka ɗauki kofi. Irin haka Detroit ta yi wa Lakers ta Shaquille O'Neal da Kobe Bryant da Karl Malone da Gary Payton a 2004, ci 4 da 1.

Me ya sa masu ƙungiyoyi ke ta maimaita kuskuren? Domin suna yana sayar da riga da tikiti tun kafin a buga wasa ko ɗaya, mu 'yan jarida kuma muna taya su kiɗa, tunda labarin tauraro ya fi na mai tsaro daɗin faɗa. Wanda ke biyan bashin shi ne mai goyon baya, da zai shekara biyar yana kallon ƙungiyar da ta jinginar da gobenta.

Don haka, 'yan'uwa masu muhawara, idan aka sake haɗa manyan sunaye, kafin ku fara rabon kofi ku gaya mini abu uku: wa zai rage jifa, wa zai yi tsaro, wa kuma zai shigo idan ɗaya ya ji ciwo. Wanda ba shi da amsa, taron tsintsiya yake yi mana, shara kuwa babu.