Kafin ka zuba gishiri a ruwan kajinka, ka tuna da ƙodarsu



Duk bazara sai ka ji ana ba sabbin masu kiwo shawara wai su watsa gishiri a ruwan kaji don zafi. Ni dai ban yarda da wannan aikin na ido rufe ba, kuma ga dalilina.

Kaza ba ta da mafitsara. Farin nan da kake gani a saman kashinta, shi ne fitsarinta. Ƙoda ce ke tace jini, ta fitar da datti da gishirin da ya yi yawa, ta riƙe ruwan da jiki ke buƙata. Amma ƙodar kaza ba gwana ba ce wajen fitar da gishiri da ruwa kaɗan. Idan gishiri ya yi yawa, dole ta yi ta shan ruwa, kashi ya zama ruwa-ruwa, shimfiɗa ta jiƙe, ɗaki ya ɗau wari. 'Yan tsaki ma mutuwa suke yi.

Abincin kamfani fa da gishirinsa yake zuwa. In kai kake haɗa naka, giram 75 zuwa 100 ya ishi buhu mai kilo 25. Sannan ka ɗanɗana garin kifin da ka sayo da ruwan rijiyarka, wani da gishirinsa ko kanwarsa.

Ƙishirwa ita ma tana lalata ƙoda. In ka yanka wadda ta mutu ka ga fari kamar alli ya lulluɓe zuciya da hanta, to ƙoda ce ta gaza. Ba wa ƙananan kaji abincin masu ƙwai, da ɗura musu gentamicin barkatai, duk suna kai wa nan.

Wani zai ce ai masu tarwaɗa suna sa gishiri. Gaskiya ne, amma lissafin daban yake. Kifin ruwan daɗi kullum ruwa na kutsawa jikinsa, gishirinsa na zurarewa, ƙodarsa na ta fitar da fitsari mai yawa. Ɗan gishiri lokacin jigila sauƙi ne gare shi. Abin da ya taimaki tarwaɗa zai iya kashe maka tsaki ɗari.

Shawarata: ruwa mai sanyi, mai tsabta, kada mazubi ya bushe ko na awa ɗaya. In za ka ba da maganin zafi, sayi na leda ka bi awon da aka rubuta.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu.