Jinin Leburan Sharaɗa da Masu Fakewa da Ƙaddara



Ya 'yan uwa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau wata magana ce da na ji da kunnena. Wani matashi a unguwarmu, mai aikin manna takalma a wata masana'anta a Sharaɗa, ya yi ta fama da haɓo, dasashinsa na zubar da jini, ga zazzaɓi da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Da aka gwada jininsa, likita ya ce ƙwayoyin da ke daskarar da jini, waɗanda suke kira filetilet, sun yi ƙasa ƙwarai. Ya tambaye shi me yake shaƙa a wurin aiki. Da mahaifinsa ya kai ƙorafi, sai babban wurin, mutum mai tabon sujada, ya ce: "Malam, ciwo ai ƙaddara ce."

Subhanallah! Kalmar gaskiya ce, amma an yi garkuwa da ita.

Mu dubi wannan halitta tukuna. A cikin ɓargo Allah yake ƙera ta. Ba ta ko kai jar ƙwayar jini girma ba, rayuwarta kwana 7 zuwa 10 ce, kuma a jinin mai lafiya akan sami 150,000 zuwa 450,000 a ɗigon da bai kai kan allura ba. A da an ɗauka aikinta kawai toshe rauni ne. Yanzu an gane dakaru ne na tsaron jiki: su ne kan fara isa bakin rauni, su manne wa ƙwayoyin cuta, su saki sinadarai masu kashe su, su kirawo fararen ƙwayoyin jini. A 2009 masu bincike a Ostareliya sun nuna cewa har ƙwayar zazzaɓin cizon sauro suke kashewa a cikin jar ƙwayar da ta ɓuya. Mu da muke kwana da sauro a Kano, wace ni'ima ta fi wannan?

To, sinadarin benzin, wanda ake samu a wasu nau'o'in gam da tina, ɓargon nan yake bi ya lalata. Ba zato ba ne. A 2004 an wallafa bincike kan ma'aikatan takalma a ƙasar Sin, aka ga filetilet ɗinsu da fararen ƙwayoyinsu sun ragu, har ga waɗanda ɗan kaɗan suke shaƙa. Wanda ya kafa masana'anta bai san wannan ba ya yi sakaci. Wanda ya sani ya yi shiru ya ci amana.

Kuma abin bai tsaya a cikin katanga ba. Duk wanda ya bi ta Challawa ya san warin ruwan jima mai kuromiyam da ke gangarawa kogi. Na Sharaɗa ta rafin Salanta yake bi, na Bompai ya faɗa Getsi ya haɗe da Jakara, can kuma ake ban ruwan latas da alayyahon da matanmu ke saye.

Za a ce mini masana'antun nan da ƙyar suke numfashi, babu wuta, ga tsadar dizal, da yawa ma sun rufe. Na sani, kuma ba na fatan ko ɗaya ta ƙara rufewa. Amma nawa ne kuɗin takunkumin fuska na gaske, da safar hannu, da fankar zuƙe iska? Sun kai kuɗin Umara ɗaya? Mutum ya gina masallaci a harabar kamfani, ya bar masu sallah a cikinsa suna shaƙar guba, sannan ya yi tsammanin lada biyu!

Game da ƙaddara kuwa, Sayyidina Umar (RA) ya gama mana magana tun ranar da ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham saboda annoba. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna masa cewa kauce wa cuta shi ma cikin ƙaddarar Allah yake. Shin mai masana'antar ya fi Umar tawakkali ne?

Dokar masana'antu ta 1987 tana nan, an kafa NESREA a 2007, dokar biyan diyyar ma'aikata ta zo a 2010. Ina roƙon limamanmu na Juma'a, musamman na Sharaɗa da Panshekara da Dakata, su ɗauki wannan batu a huɗuba, su faɗi hukuncin mai cutar da ɗan ƙwadagonsa a fili. Matashin nan ya bar aikin, jininsa ya fara farfaɗowa. An riga an ɗauki wani yaro a kujerarsa.